Teburin Faransawa a Yamai: ina baƙo zai zauna?

Ɗan kasuwar Tasawa ko ma'aikacin Mayahi da aiki ya kai Yamai, ba wuya wata rana abokin hulɗa ya gayyace shi cin abinci irin na Faransawa. Nan ne mutumin da ya saba da tuwon hatsi da miyar kuka zai tarar da wuƙa biyu, cokali mai yatsu biyu, da takardar abinci wadda ko mai takardar lise sai ya yi ta nazari.

Shekara da shekaru, sunaye uku ne suka fi yawo a bakin masu kuɗi. Otal ɗin Gaweye, wanda aka gina a farkon shekarun 1980 da arzikin uraniyom, yana dab da gadar Kennedy. Can ministoci da baƙin taro suka riƙa sauka a da, kuma wanda ya ci a can, daraja ya saya kafin abinci. Grand Hôtel kuwa farfajiyarsa ta yi masa suna: a zauna da maraice a sama da kogin Kwara, rana na faɗuwa, tsire na zuwa da zafinsa. Gaskiya dai wannan tsiren ya fi kusa da Maraɗi bisa ga Paris. Tabakady ita ce ta ƴan son girki: ɗaki mai natsuwa, hotunan hamada a bango, kwano na bin kwano bisa tsarin Faransa, daga abin buɗe baki har zuwa kayan zaƙi. A da, mai son a gan shi, Gaweye. Mai son cinikin da ba a so a ji, da abincin da za a tuna, Tabakady ta fi.

Sau biyu iska ta kaɗa waɗannan tebura. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, cukun Turai da man shanun kwali suka ninka kuɗi a dare ɗaya, albashi kuwa bai bi su ba. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, jakadan Faransa ya fita a Satumba, sojojinta suka gama kwashewa a Disamba, masu cin da yawa suka tafi tare da su. Kafin nan ma, sababbin otal irin su Radisson Blu da aka buɗe a 2019 sun janye manyan baƙi.

Abin da ya kamata baƙo ya duba ba adon tebur ba ne. Girkin Faransa yakan sa giya cikin miya, yakan kuma ɓoye naman alade a ƙarƙashin sunaye kamar « lardons » da « jambon ». Tambayar mai kawo abinci ba ƙauyanci ba ce, aikinsa ne ya amsa. Mafi aminci shi ne giwan ruwa, wato « capitaine », gasasshe da lemun tsami.

Kuma in ya dubi kwanon da kyau, zai ga na gida ne ke ciki: albasar Galmi, naman dabbobin karkara, kifin kogi. Sunan ne kawai ya zo daga ƙetare, shi ne kuma ya fi tsada a takardar biya.