Maraɗi da Zariya su haɗa kai kan na'urar NMR

Duk lokacin da aka tayar da maganar kuɗin bincike a jami'o'inmu, sai ka ji wani ya ce: me zai ƙara wa talaka? Bari in ba da amsa da wani fanni da ko sunansa ba a cika ji ba.

RNA ita ce 'yar aike a cikin ƙwayar halitta, ita ke kai umarnin yadda za a ƙera furotin. Da haruffa huɗu ake rubuta ta: A, U, G da C. Amma jiki yakan yi wa waɗansu haruffan gyara, kuma an gano irin gyaran nan fiye da 100. Wanda ya fi yawa shi ne sudoyuridin, wato U da aka sauya wa zama. Don a ga yadda gyararren harafi ke kama maƙwabtansa a jikin zaren RNA, masana kan sa samfuri cikin na'urar NMR, wani ƙaton maganaɗisu, su aika masa da igiyar rediyo, su karanta amsar da ya mayar. Ta haka aka ga sudoyuridin na ƙara wa zaren ƙarfi.

An daɗe ana raina aikin RNA. A 1995 har muƙami aka rage wa Katalin Kariko a jami'arta a Amurka. A 2005 ita da Drew Weissman suka nuna cewa gyararrun haruffa na hana garkuwar jiki far wa RNA. A kan wannan aka gina rigakafin korona na Pfizer da Moderna, a 2023 kuma suka sami kyautar Nobel.

Mu fa? Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ya tace sinadari daga sabara ko bagaruwa zai sha wuya kafin ya san siffarsa in babu NMR. Na'urar kuwa tana son ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙwararren mai kula. Nauyi ne babba ga jami'a ɗaya.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta riga ta mallaki irin wannan na'ura. A ganina, maimakon kowa ya yi ta mafarkin sayen tasa, gara jami'o'in Maraɗi, Katsina, Kano da Zariya su sa hannu a yarjejeniya: a haɗa kuɗin hiliyom da na gyara, a raba kwanakin aiki. Hanyar Ɗan Isa da Jibiya da ke ɗaukar tirelolin kaya ba za ta gagari ɗan kwalbar samfuri ba.