Lokacin Wa Ne Kuɗi?

Akwai wata maganar Turawa da muka aro ta zauna mana a baki: "Time is money", wato lokaci kuɗi ne. Ana jin ta a kasuwa, a ofis, har a waya. Mun iya faɗarta, sai dai mun juya ta baibai.

Wanda ya fi yaɗa ta shi ne Benjamin Franklin, Ba'amurken nan da hotonsa ke kan takardar dala 100. A 1748 ya rubuta nasiha ga matashi mai sana'a, ya buga masa lissafi: mutumin da ke samun sule goma a yini, in ya yi zaman banza rabin yinin ya kashe sisi wajen nishaɗi, ba sisi kaɗai ya yi asara ba, har da sule biyar ɗin da bai samu ba. Ke nan magana ce a kan mai cin guminsa, wanda kowace awa da ta wuce masa ba aiki ta rage abin da zai kai gida.

To mu a ina muke tuna ta? Sai kawu ya kira daga ƙauye yana jero gaisuwa, mu katse shi wai lokaci kuɗi ne. Sai an ce maƙwabci na kwance a asibiti, mu ce ayyuka sun yi yawa. Amma mu ne za mu tsayar da ɗan adaidaita rabin awa a ƙofar gida, mu biya shi kuɗin tafiya kawai. Mu ne za mu ce wa birkila ya zo da ƙarfe bakwai, siminti bai iso ba sai azahar, kuma mu hana shi kuɗin yini. Mu kira taro ƙarfe goma, mu shigo sha biyu ko kunya babu.

Ashe lokacinmu ne kaɗai kuɗi, na talaka kyauta ne.

In za mu riƙe maganar nan, mu riƙe ta da gaskiya. Wanda muka ɓata wa awa, mu biya shi awarsa. Gaisuwa da dubiya kuwa ba su taɓa shiga lissafin Franklin ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ranar da muka kwanta ciwo, ba wanda za mu so ya zo mana yana duba agogo.