Majigi Ya Shigo Gida, Ina Mai Gida?

Bismillahir Rahmanir Rahimi. 

Bayan haka, ya 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne al'amarin wani yaro da ke karatu a wurina, ɗan shekara 11, mai kaifin basira, wanda a da shi ke riga kowa wanke allo. Kwanan baya na lura kullum da asuba sai ya riƙa gyangyaɗi, har ya yi mako 2 bai biya abin da ya rubuta ba. Da na matsa masa da tambaya, sai ya ce wayar wansa yake ɗauka da dare, ya ƙudundune cikin bargo yana kallon wasan kwaikwayo har zakara ya yi cara. Na tafi wurin mahaifinsa na gaya masa. Ya riƙe baki, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ni ko talabijin ban taɓa ajiyewa a gidana ba." Watau shi ya tsare ƙofar zaure, baƙon kuwa ta aljihu ya shigo.

To, jama'a, ya kamata mu waiwaya mu ga yadda wannan baƙo ya taho har ya iso ɗakin kwananmu. A zamanin Turawa, majigi a mota ake kawo shi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa talakawa noman auduga da tsabtar gari. Sa'an nan aka gina gidajen silima. A Kano an buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum fiye da 300 suka hallaka, mutane da yawa kuwa suka ce ishara ce. A wancan lokaci ɗan mutunci ba ya so a gan shi a bakin silima, matan aure kuwa ba su zuwa ko kusa. Saboda haka tarbiyya ta zo wa iyaye da sauƙi, domin abin yana can nesa, kuma sai da kuɗi ake shiga.

Daga nan sai talabijin. An fara ta a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962. Ni da nake yaro, a gida ɗaya kaɗai take a unguwarmu, hotonta fari da baƙi. In an idar da sallar lisha sai mai gidan ya fito da ita tsakar gida, a shimfiɗa tabarmi, manya a baya, mu yara a gaba. A nan muka san Samanja Mazan Fama, watau marigayi Usman Baba Pategi, Banufe, wanda shi kansa ya yi aikin soja, yana dagula Hausa da Turanci irin na bariki har tsofaffi su riƙe ciki. A nan muka san marigayi Kasimu Yero da Karambana, da Karkuzu daga Jos, da Golobo daga Sakkwato. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset, daga nan kasuwar fina-finan Hausa ta buɗe, har marigayi Rabilu Musa Ibro ya zo ya cika gidaje da dariya kafin rasuwarsa a 2014. A shekarar nan ta 2014 kuma aka buɗe tashar Arewa24, wadda ta kawo Daɗin Kowa. Yau kuwa duk wannan, har da na Indiya da aka juya da Hausa, ya taru cikin wayar da ba ta kai tafin hannu biyu ba.

Wani zai zaci, da yake ni malamin allo ne, zan ce a fasa akwatunan nan a huta. A'a, ba haka zan ce ba. Dariya halal ce in ba a gauraya ta da ƙarya mai cutarwa, ko batsa, ko wulaƙanta bayin Allah ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa, amma ba ya faɗin kome sai gaskiya. Bahaushe kuma tun fil azal mai son raha ne. Sarki yana da wawansa a fada. 'Yan kama har mu malamai suke kwaikwayo, su naɗa rawani su yi ta jan baƙi a kan tuwo da miya, mu ma mu yi dariya. Bakatsine da Banufe, Bafillace da Babarbare, in sun haɗu sai sun taɓa juna da wasa. Da azumi yara su yi tashe. Zuciyar da ba ta hutawa takan gaji da karatu, kamar yadda jaki kan gaji da kaya.

Abin da ya dame ni shi ne kallon kaɗaici. Ku duba tatsuniya, wadda ita ce majigin kakanninmu. Ba a yin ta da rana, sai dare bayan an gama aiki. Ba a yin ta sai a cikin taro, tsohuwa na tsakiya. In Gizo ya yi ha'inci, nan take za ta nuna wa jikokinta inda ha'incin ya kai shi. In barci ya zo ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya tashi. Haka kallonmu na tsakar gida ya kasance. In Samanja ya yi wauta, wani dattijo zai ce, "Kun ga ƙarshen mai girman kai." In an nuna abin da bai kamata ba, gyaran murya ɗaya ya isa yara su sunkuyar da kai. In tasha ta rufe, kallo ya ƙare. Yanzu fa? Mai gida yana ɗakinsa da tasa wayar, uwargida da tata, amarya da tata, yara sun toshe kunnuwa. Kowa na dariya, amma babu wanda ya san abin da ya ba ɗan'uwansa dariya. Ita wayar kuwa ba ta da ƙurunƙus: da wannan ya ƙare sai ta jawo wani.

Saboda haka ga shawarata ga masu gida, abu 4. Na farko, a mai da kallo tsakar gida ko falo, inda kowa ke ganin abin da kowa ke gani. Na biyu, a yanka masa lokaci, bayan sallar lisha da karatun dare, sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi, a tashi. Kada a bari kiran salla ya tarar da mutum yana cewa bari wannan ya ƙare. Na uku, mai gida ko uwargida su zauna a yi kallon da su, su ne za su zaɓa, kuma in an gama su tambayi yara, wa ya yi daidai a cikin wasan nan, wa ya yi kuskure? Na huɗu, waya kada ta kwana a shimfiɗar yaro. A tara su wuri ɗaya a hannun uwa har gari ya waye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma masu shirya wasanni, ku sani yanzu ku baƙi ne a cikin gidajen mutane, kuna zaune tare da matansu da 'ya'yansu. Baƙon kirki yakan san abin da zai faɗa a gaban surukai. Ku ba mu dariyar da uba zai yi a gaban 'yarsa ba tare da ya kau da kai ba.

Mahaifin yaron nan ya karɓi shawara. Yanzu daren Alhamis da daren Juma'a, da yake ba a karatu, sukan taru su yi kallo tare, shi da iyalinsa duka. Ya gaya mini rabonsa da ya ji muryar 'ya'yansa suna dariya a gabansa har ya manta. Yaron kuwa ya koma wanke allonsa kamar da.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa farin cikinmu ya zama na halal, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu.