Kwalta Ba Ta Mutuwa Rana Ɗaya

Jama'ar Boɗinga da Shagari, ku tsaya mu yi lissafi. Wanda duk ya mallaki soron ƙasa ya san sai ya yi yaɓe ya gyara indararo kafin damina. In ya yi ƙyuya, kuɗin kwando goma na ƙasa sai ya zama kuɗin ginin ɗaki sabo. To, hanyar mota ma haka take. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi 'yar tsaga ya jiƙa ƙasan kwalta, babbar mota ta taka, rami kamar faifai ya koma kamar rijiya.

Babbar hanyar nan da ta ratsa garuruwanmu, daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega har Kontagora, ba a yi ta don ado ba, yanzu ma ba don ado take ba. Ta nan albasarmu da geronmu da shanunmu ke bi. A 2021 aka yi bukin buɗe ta bayan an sāke ta da kuɗi masu ɗimbin yawa. Madalla. Amma wa zai yashe kwalbati? Wa zai cike rami tun yana ƙarami?

Gwamnati ta kafa hukumar FERMA a 2002 don wannan aiki. A 2007 aka yi doka cewa a ware biyar cikin ɗari na kuɗin fetur da gas saboda gyaran hanyoyi, kashi 40 ga hukumar, 60 ga jihohi. Dokar ta yi shekara da shekaru tana barci a takarda. Don me? Don cike rami ba ya tara makaɗa, ba a yanka zare, kwangilarsa kuwa ba ta da maiƙo.

Ran da hanya ta mutu, mu talakawa ke biya. Direba ya sayi taya ya ƙara kuɗin mota, tumatir ya ruɓe kafin ya isa kasuwa, mai naƙuda ta galabaita kafin asibiti.

Saboda haka duk mai neman ƙuri'armu, kada mu tambaye shi sabuwar hanya. Mu tambaye shi nawa aka ware don kula da wadda ke akwai, nawa aka saki, wane rami aka cike. In ya yi inda-inda, mun gane.