Chelsea: Wa Zai Biya Kuɗin Cefanen Boehly?

A watan Mayun 2022 attajirin Amurka Todd Boehly da kamfanin Clearlake suka sayi Chelsea daga hannun Roman Abramovich kan fam biliyan 2.5, da alkawarin za su ƙara zuba biliyan 1.75 a harkokin ƙungiyar. Kafin a rufe kasuwar 'yan wasa ta bazarar 2023 sun kashe sama da fam biliyan ɗaya a cefane. Bayanin da suke yi wa magoya baya shi ne tsari suke ginawa na dogon zango: a ɗauko matasa tun ba su gama yin tsada ba, a ɗaure su da doguwar kwantiragi, su girma tare su mamaye Turai. Da ƙungiyar ta ɗauki kofin Conference League da na Duniya na ƙungiyoyi a 2025, da yawa sun ce magana ta ƙare, tsari ya yi aiki. Ni ban gamsu ba, domin an ƙirga kofuna an bar kuɗin da aka biya kafin a same su, da wanda har yanzu ba a gama biya ba.

Zuciyar tsarin dabara ce ta akanta. A littafin ƙungiya ba a rubuta kuɗin ɗan wasa gaba ɗaya a shekarar da aka saye shi, ana raba shi ne gwargwadon shekarun kwantiraginsa. Enzo Fernández ya zo daga Benfica a farkon 2023 kan fam miliyan 106.8, aka ba shi shekara takwas da rabi. Ke nan abin da ke bayyana a littafi duk shekara bai kai miliyan 13 ba, alhali da shekara biyar aka ba shi da ya haura miliyan 21. Haka aka yi wa Mykhailo Mudryk, haka aka yi wa Moisés Caicedo da ya zo daga Brighton kan kuɗin da ya kai miliyan 115. A lokacin dokar gasar Firimiya ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, wannan rabon ne ya ba su damar yin cefane ba ƙaƙƙautawa ba tare da sun taka dokar ba. UEFA ta toshe ƙofar a watan Yunin 2023, ta ce ba za a raba kuɗi fiye da shekara biyar ba, Firimiya ma ta bi sahu a ƙarshen shekarar. Amma ko kafin a toshe, dabarar ba ta rage ko kwabo daga abin da za a biya ba. Tura shi gaba kawai ta yi, ya zama nauyi a kan kakar 2029 da ta 2030, lokacin da wataƙila kocin da zai gaji matsalar bai ma san zai zo Landan ba.

Doguwar kwantiragi tana da daɗi idan ɗan wasa ya fito. Cole Palmer, wanda aka ɗauko daga Manchester City kan kusan miliyan 40, ya ci ƙwallo 22 a Firimiya a kakarsa ta farko, kuma Caicedo ya zama ginshiƙin tsakiya. Waɗannan babu mai musu. To amma takardar da ta hana Palmer tafiya ita ce ta hana ƙungiya rabuwa da wanda bai yi ba. An dakatar da Mudryk a Disambar 2024 bayan gwajin ƙwayoyi, ko da yake ya ce bai sha komai da saninsa ba, kuma kwantiraginsa sai 2031 za ta ƙare. Wesley Fofana, mai tsaron baya na miliyan 70, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2023/24 saboda raunin gwiwa. Roméo Lavia sau ɗaya tak ya shiga fili a waccan kakar. Rauni ƙaddara ce, ba laifin kowa ba. Wanda ya zaɓi ɗaure kansa shekara bakwai ko takwas da ɗan shekara ashirin, shi ne ya zaɓi ɗaukar wannan kasadar, kuma Chelsea ta ɗauke ta a kan 'yan wasa da dama lokaci guda.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka yi da yaran gida. Ɗan wasan da ya taso a makarantar horar da matasan ƙungiyar ta Cobham ba a saye shi ba, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla a littafi, kuma nan take ake rubuta ta. Wannan ya mayar da yaran da suka shiga ƙungiya tun suna 'yan shekara shida ko takwas hajar da ake cike gurbin lissafi da ita. Mason Mount, wanda ya ba Kai Havertz ƙwallon da ta ci Kofin Zakarun Turai a 2021, ya tafi Manchester United kan miliyan 55. Ruben Loftus-Cheek da Callum Hudson-Odoi da Lewis Hall da Ian Maatsen duk sun kama gabansu. Conor Gallagher ya ɗaura kyaftin a mafi yawan wasannin kakar 2023/24, magoya baya har tuta suka ɗaga masa a Stamford Bridge, amma a Agustan 2024 aka sayar da shi ga Atlético Madrid. Domin cinikin ya faɗa, Chelsea ta karɓi João Félix daga can kan kuɗin da ya fi na Gallagher, bayan wata shida ta ba da shi aro ga AC Milan, a bazarar 2025 ya wuce Al-Nassr. Ciniki irin wannan ba don fili aka yi shi ba. Ya fi kama da sana'ar mai kiwon raguna, wanda ke sayen ƙanana ya ɗaure ya jira farashin layya, sai dai a nan har da ragon da aka haifa a gida ake kaiwa kara.

Sai kuɗin da sauye-sauyen koci da rashin nasara suka ci. An kori koci Thomas Tuchel a Satumbar 2022, kwanaki kaɗan bayan an kawo masa Pierre-Emerick Aubameyang. An biya Brighton sama da fam miliyan 20 don a ɗauko Graham Potter da mataimakansa, aka sallame shi cikin wata bakwai. 'Yan wasa sun yi yawan da Thiago Silva ya fito ya faɗa cewa sai da aka faɗaɗa ɗakin sa kaya. A waccan kakar Chelsea ta ƙare ta 12 da maki 44. Mauricio Pochettino ya kai su na shida, shi ma ya tafi bayan shekara guda. Kaka biyu a jere ba Kofin Zakarun Turai, wato kuɗin talabijin da na tikiti da na talla masu yawa sun salwanta. Mai kallo a Kaduna ko Kano da ya kamu da son ƙungiyar tun zamanin Celestine Babayaro da Mikel Obi ya saba da korar koci, Abramovich ma bai da haƙuri. Bambancin shi ne a wancan lokacin koci na tafiya, Terry da Lampard da Drogba da Cech na nan. Yanzu koci da 'yan wasa duka masu wucewa ne.

Masu kare tsarin suna nuna ribar fam miliyan 128 da ƙungiyar ta bayyana a lissafin 2023/24. A duba daga ina ta fito. An sayar da ƙungiyar mata ta Chelsea ga BlueCo, kamfanin da ya mallaki Chelsea ɗin kanta, kan kusan miliyan 200. Shekarar da ta gabace ta kuma otal biyu da ke harabar Stamford Bridge aka sayar wa wani kamfanin gida kan miliyan 76.5. Dokar Firimiya ta ƙyale wannan, a daidai lokacin da ake zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki kan asarar da ta wuce ƙa'ida. UEFA ba ta lissafa irin wannan cinikin na cikin gida, shi ya sa a Yulin 2025 ta ci Chelsea tarar Yuro miliyan 31, tare da sharaɗin ƙarin miliyan 60 idan ba ta daidaita lissafinta ba a shekarun da ke tafe.

Nasarar da suka yi kan PSG da ci 3 da nema a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na ƙungiyoyi a Amurka ta kawo sama da dala miliyan 100, kuma kuɗi ne na gumi. Sai dai gasa ce da ake yi duk bayan shekara huɗu. Otal da ƙungiyar mata sau ɗaya ake sayar da su, kuma an sayar. Filin wasan yana nan da kujeru kusan dubu 40, yayin da na Tottenham da na Arsenal kowanne ya haura dubu 60, ga shi ba a aza tubali ko ɗaya na sabo ba. Abin da ya rage a hannu don cike giɓin kowace shekara shi ne sayar da 'yan wasa, kuma waɗanda ke da masu saye da tsada su ne dai waɗanda aka ce za a gina ƙungiyar a kansu.