Kayan Cushe A Cikin Kwamfuta: Wa Ya Ba Su Izinin Shiga?

A farkon zangon karatun nan wani abokin karatunmu, mutumin Maiyama, ya dawo Aliero da sabuwar kwamfuta irin wadda ake ƙerawa musamman domin wasanni, mai fankoki biyu da madannai masu ƙyalli. Mahaifinsa manomi ne, sai da ya sayar da shinkafar da ya noma da rani, ya haɗa da bijimi guda, kana kuɗin suka cika. Muka taru a ɗakinsa kamar an kawo amarya. Amma tun kafin mako ya zagayo murna ta fara komawa ciki. Datar da ya saya ta wata guda ta ƙare cikin kwana huɗu alhali bai sauke komai ba, fankokin suna ta gurnani ko da bai taɓa na'urar ba, kuma duk sa'ad da ya kunna ta sai wata manhajar rigakafi ta tare masa fuska da jan rubutu, wai wa'adin gwaji ya kusa cika, ya biya da dala ko kuwa ya kuka da kansa. Da muka buɗe jerin abin da ke ciki, sai muka ƙirga manhajoji fiye da 20 waɗanda bai saya ba, bai roƙa ba, bai ma taɓa jin sunansu ba.

Waɗannan su ne muke kira kayan cushe, wato manhajojin da kamfani ko dillali ke ɗurawa a cikin kwamfuta tun kafin ta iso hannun mai ita. Ra'ayinmu kuwa shi ne: wanda ya biya kuɗin na'ura shi ne mai ita, yana da haƙƙin ya fitar da duk abin da bai gayyata ba, kuma wajibi ne ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ya iya yin haka da hannunsa, ba sai ya kai wa mai shago ba.

Mun san wani dattijo zai ce, me ya haɗa ɗalibi da kwamfutar wasa, an turo shi karatu ko an turo shi shashanci? Amsar ba ta da wuya. Ƙarfin da ke sa na'ura ta iya ɗaukar wasan ƙwallo ko na tsere ba tare da ta yi tuntuɓe ba, shi ne dai ƙarfin da ɗalibin injiniya ke bukata domin zanen gini a AutoCAD ko lissafi a MATLAB, shi ne kuma wanda matashin ma'aikaci a Birnin Kebbi ke bukata in an ba shi aikin zanen taswira ko haɗa hoton bidiyo. Ba kuma za mu yi ƙarya ba, bayan an gama jarrabawa mukan buga wasan. Ba mu ga abin kunya a ciki ba.

To, me ya sa kamfanoni suke wannan ɗure? A kasuwar Jega, in ka sayi mudun gero, mai awo yakan ƙara maka ɗan tafi guda a kai, mu ce ya yi maka gyara. Haka masu sayar da kwamfuta suke so mu ɗauki waɗannan manhajoji, wai kyauta ce aka ƙara mana. Alhali kuwa bambancin a fili yake. Gyaran mai awo daga aljihunsa yake fita, amfanin kuma na mai saye ne. Kayan cushe kuwa masu manhajar ne ke biyan kamfanin kwamfuta domin ya ba su masauki a na'urarka, da fatan wata rana za ka gaji da barazana ka biya, ko ka kalli talla, ko a kwashi bayanin abin da kake yi a sayar. Ashe an karɓi kuɗi a hannun mahaifin abokinmu, an kuma karɓi wani a kansa. Kamfanonin ma sun san abin ba alheri ba ne. A shekarar 2008 kamfanin Sony ya fito da wani tsari na cewa wanda ke son kwamfutarsa ba tarkace sai ya ƙara dala 50, wato ka biya a kwashe sharar da su suka zuba. Da jama'a suka yi ca, sai ya janye kuɗin. Shi kansa Microsoft, mai Windows, da ya fito da Windows 10 a 2015, sai da ya liƙa wa mutane wasan Candy Crush ba tare da ya tambayi kowa ba.

Da a ce ɓarnar ta tsaya ga cika wuri da damun mutum da talla, da da sauƙi. A watan Fabrairu na 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da kwamfutoci masu yawa, har da samfurin Y50 na wasanni, ɗauke da wata manhaja mai suna Superfish, wadda aikinta shi ne ta cusa talla a shafukan da mutum ke dubawa. Domin ta iya yin haka sai ta shiga tsakanin mai na'ura da shafukan da ke kulle, irin na banki, kuma mabuɗin da take amfani da shi iri ɗaya ne a dukan kwamfutocin. Ba a jima ba masana suka fasa shi, ya zamana duk ɓarawon da ke kan layin intanet ɗaya da kai yana iya leƙa sirrinka. A 2017 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 3.5 ga jihohi 32 na Amurka. Haka nan a 2019 kamfanin tsaro na Kaspersky ya bayyana cewa ɓarayin intanet sun bi ta cikin manhajar sabuntawa ta Asus, wadda ke zuwa a ɗure, suka aika wa ɗimbin kwamfutoci cuta. Kada kuma a ce wannan matsalar Turawa ce. A 2020 an ba da rahoton cewa dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka irin su Habasha da Gana da Kamaru sun zo da muguwar manhaja tun daga kwali, tana cin datar talakawa, tana yi musu rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya, amma wanda aka ci wa kuɗi ba ruwansa da wannan bayani.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, an tsara waɗannan manhajoji ne da tunanin mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba shi da iyaka, ɗakinsa kuma da sanyi. Mu kuwa fa? Data da awo muke sayenta, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, kowane megabait ya zama abin lissafi. Wuta in ta zo sai a yi rige-rigen soket, in ta tafi batir ne gatanka, kuma kowace manhaja da ke aiki a ɓoye tana shan rabonta daga wannan batir. Ga zafin bazara, lokacin da ma'auni ke haura 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Na'urar da ta yi zafi da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone. Saboda haka abin da yake ɗan ƙaiƙayi ga ɗalibi a Landan, a nan yana iya zama dalilin da kwamfuta za ta mutu ana tsakiyar rubuta kundin kammala karatu.

Amma fa adalci ya sa mu faɗi cewa ba daga ƙetare kaɗai cushen yake zuwa ba. Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, ta hannu muke saye, wadda ta biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano. Kafin ta iso, mai shago ya riga ya "loda" ta, kuma a wurinsa yawan kaya shi ne gwaninta: manhajar rigakafi biyu ko uku suna faɗa da juna, burauza huɗu, wasannin sata da aka fasa, da wata aba mai cewa za ta ƙara wa kwamfuta sauri alhali ita ce babban nauyin. Mu kuma sai mu yi godiya, har mu ƙara masa na goro. Wannan cushen na gida ya fi na kamfani haɗari, domin na kamfani aƙalla an san mai shi, wasan da aka fasa kuwa ba wanda ya san abin da aka ɓoye a cikinsa.

Yaya za a yi ke nan? Aikin ba shi da wuyar da ake zato, sai dai yana son natsuwa irin ta mai cirar ciyawa a fangalin albasa. Da farko mutum ya kwafe takardunsa da hotunansa a filas ko wani faifai na waje, sannan ya sa Windows ta ajiye alamar komawa baya, domin in an yi kuskure a dawo da na'ura yadda take. Daga nan ya shiga Settings, sashen Apps, ya bi jerin ɗaya bayan ɗaya. Manhajar rigakafi ta gwaji, da wasannin talla, da masu cewa suna share na'ura ko ƙara mata sauri, duk a sallame su. Windows tana da nata mai gadi, Defender, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa, kuma ya ishi ɗalibi. Sai a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe, a duba jerin abubuwan da ke tashi da zarar an kunna na'ura, a hana duk wanda ba dole ba. Akwai kuma wani ɗan makunni a wajen saitin intanet wanda ke gaya wa Windows cewa datar nan da awo ake sayenta. Kunna shi kaɗai ya tsayar da yawancin zubar da abokinmu ke kuka da ita, domin da muka bincika, wani kaso na datarsa Windows ce da kanta ta sha wajen sabunta kanta. Sabuntawar kuwa dole ce, sai dai mutum ya zaɓi lokacinta, misali da tsakar dare sa'ad da data ke araha. Wanda na'urarsa ta cika da tarkacen shago har ba a san gaba da baya ba, gara ya sauko da Windows daga shafin Microsoft kansa, ya ɗora a filas mai gigabait 8, ya sake zubi daga tushe. In lasisin na gaskiya ne, da kansa zai dawo.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen zafin nama. Ba duk abin da ba ka gane ba ne cushe. Direbobin da ke sarrafa katin hoto, na Nvidia ko AMD ko Intel, da na sauti, da manhajar kamfani mai kula da gudun fanka da cajin batir, waɗannan albasar ce, ba ciyawa ba. Mun ga wanda ya cire mai kula da fanka domin sunanta bai yi masa ba, kwamfutarsa ta koma kamar kaskon suya. Mun ga kuma wanda ya tumɓuke duk abin da ke da sunan Xbox, daga baya wasannin da ya saya da kuɗinsa suka ƙi buɗewa. Mafi muni su ne masu kwaso wani umarni daga intanet su liƙa a PowerShell ba su karanta ko layi ɗaya ba, da masu ɗora Windows da wani wanda ba a sani ba ya yi wa fiɗa, ya cire mata mai gadi da hanyar sabuntawa, ya ce ta fi sauri a wasa. Wanda ya yi haka ya kori baƙon da ya sani ne ya miƙa wa wanda bai sani ba mabuɗin gida. Kuma kada kowa ya ruɗe ku da cewa sharar za ta ninka gudun wasa. A na'ura mai ƙarfi bambancin kaɗan ne. Ribar tana wajen saurin tashi, da daɗewar batir, da data, da kuma sararin da ake samu a ƙwaƙwalwar na'ura, musamman mai gigabait 8. A tuna kuma cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, don haka mai tsohuwar na'ura yana da wata matsalar da shara ba za ta magance ba. Ko dai ya hau Windows 11 in na'urar za ta ɗauka, ko ya gwada Linux, wadda kyauta ce, wadda kuma a kanta aka gina na'urar wasa ta Steam Deck da ta fito a 2022.

Akwai abin da ya fi ƙarfin ɗalibi, sai hukuma. Tun 2014 Koriya ta Kudu ta umarci kamfanonin waya su bar mutane su iya goge manhajojin da ba dole ba. Tarayyar Turai ta yi doka wadda ta sa tun 2024 mai kwamfuta a Faransa ko Jamus yake iya cire burauzar Edge daga Windows da dannawa ɗaya, abin da ba a ba mai kwamfuta a Aliero ba, ko da kuwa kuɗi ɗaya suka biya. Shin mu ba masu saye ba ne? Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda a 2024 ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, muna kuma da dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Hukumar da ta iya tunkarar Meta ba za ta kasa cewa duk na'urar da za a sayar a ƙasar nan a bayyana abin da aka ɗura mata, a kuma bar mai ita ya cire ba. 'Yan'uwanmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, musamman waɗanda ke ofisoshin sayen kaya, su ma suna da abin yi: in za a sayo wa ma'aikata ko makarantu kwamfutoci, a rubuta a cikin sharuɗɗan kwangila cewa ba a son cushe.

Kafin hukuma ta motsa, muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta kira gayya. A ware Asabar ɗaya a kowane zango, a nemi ɗaki mai wuta, ɗaliban sashen kimiyyar kwamfuta su zauna, duk mai na'ura ya kawo, har da 'yan'uwanmu na kwalejin kiwon lafiya ta Jega in suna so. Sharaɗi ɗaya muke ba da shawara a kafa: ba za a karɓi kwamfutar kowa a yi masa ba, mai ita ne zai riƙe linzami, a tsaya a kansa ana nuna masa. Haka muka yi da mutumin Maiyama, aikin ya ɗauke mu daga la'asar zuwa isha'i, kuma a makon jiya mun same shi yana nuna wa wata 'yar ajinsu inda ake kashe abubuwan da ke tashi da kansu. Wanda zai zo gayyar ya taho da cajarsa da filas, ya kuma kwafe kundinsa tun daga ɗaki.