Firinta Ɗaya Ta Ishe Mu, In Mun Kulle Ta

'Yan uwa marubutan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a ganina ya kamata kowace ƙungiya ta yi karo-karo ta sayi firintarta. Littafin da bai fito kasuwa ba, in ka bar shi a kwamfutar shagon bugu, kowa na iya kwashe shi a filashi.

Firinta ɗaya da rauta sun wadatar, kowa ya tura aiki daga wayarsa. Haɗin ba ya cin data, don haka ko an katse layukan waya, kamar yadda aka yi mana a Satumbar 2021, bugu ba zai tsaya ba. Sai dai a sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita, a kunna WPA2, in wani ya bar ƙungiya a sake sauyawa.

Me kuka gani?